Darasin Juma'a: Kuɗin Aikatau, Hannun Wa Yake Shiga?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa.

'Yan uwa, makon jiya darasinmu ya tsaya ne a kan mudu da sikeli, inda muka ga gargaɗin da Suratul Muɗaffifina ta yi wa mai cika awo idan zai karɓa, ya tauye idan zai bayar. To tauye awo bai tsaya a kan tumatir da albasa ba, akwai awon gumin mutane. Shi ya sa Liman da kwamiti suka ce a yi darasin wannan makon a kan haƙƙin waɗanda muke ɗauka aiki, musamman yaran da ake kawo mana daga gida. Iyayena maza da mata su yi mini afuwa idan magana ta taɓa wani, ba da kowa ake ba, kuma da dukkanmu ake.

Idan aka ce safarar mutane, yawancinmu Libiya muke tunawa, kuma muna da gaskiya. A watan Nuwamban 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata a Libiya, ana tayawa ana ƙarawa kamar a kara, har aka sallama mutum a kan dala 400. Kafin nan, a watan Oktoban 2013, an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya. Motocinsu ne suka lalace, ƙishirwa ta kashe su. Guda 52 daga cikinsu yara ne, kuma yawancinsu daga yankin Kance suka fito, a jihar Damagaram, wato Hausawa ne 'yan uwanmu. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da rahoto a 2022, ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a faɗin duniya. Abin lura a rahoton shi ne, mafi yawansu ba gwamnatoci ke riƙe da su ba. Suna hannun masu gonaki ne da masu masana'antu da masu gine-gine da masu gidaje, mutane irinmu.

To mu da muke zaune a Agege, namu ba ta hamada yake zuwa ba. Ta tasha yake zuwa.

Kowa ya san yadda ake yi. Hajiya ta haihu, ko ta buɗe sana'ar abinci, aiki ya yi mata yawa. Sai ta yi wa wata mata waya, wadda duk unguwa aka san tana "kawo yara". Ita kuma wannan matar tana da ƙauyukan da take zagayawa a can gida. Za ta sami uwa mai 'ya'ya bakwai, damina ba ta yi kyau ba, ko 'yan bindiga sun hana shiga gona, ta ce a ba ta yarinya ta je Legas aikatau shekara ɗaya ko biyu, ta tara kuɗin kayan ɗaki. Uwa ta yarda, don ba ta da zaɓi mai yawa. A sako yara huɗu ko biyar a mota, a kwana a hanya, a sauke su, a rarraba gidaje. Yarinya ba ta san sunan unguwar da take ba, ba Yarbanci, ba Turanci, ba waya, ba kuɗin mota. Ƙarshen wata Hajiya ta biya, kuma wallahi da yawa suna biya a kan kari. Amma kuɗin ba hannun yarinya ya shiga ba, ba hannun uwarta ba. Asusun dillaliya ya faɗa.

Mu yi lissafi da misali. A ce an yi ciniki a kan naira 20,000 a wata. A shekara ya kama 240,000 ke nan. Dillaliya ta ce wata biyun farko nata ne, kuɗin mota da la'ada. Sauran watannin kuma tana "ajiye wa yarinya". Idan sallah ta zo ta kai wa uwar turmin atamfa da 'yan kwanuka da wani ɗan abu a hannu, uwa ta yi ta godiya tana sa albarka, saboda tun farko ba ta san nawa aka yi cinikin ba. Kuma akwai wata dabara da iyayenmu mata suka sani sarai: idan yarinya ta yi wata biyar ko shida ta saba da gida, sai dillaliya ta zo ta ce an yi rasuwa ko uwarta ba lafiya, ta ɗauke ta. Ba gida za ta kai ta ba. Wani gidan za ta kai ta a Idi-Araba ko Obalende, ta sake cin kuɗin wata biyu.

Imamu Buhari ya ruwaito hadisi ƙudsi daga Abu Huraira, Allah ya ƙara masa yarda, wanda ma'anarsa ita ce akwai mutum uku da Allah da kansa zai zama abokin shari'arsu ranar ƙiyama. Akwai mai ɗaukar alkawari da sunan Allah ya ci amana, akwai mai sayar da ɗa, wato mutum mai 'yanci, ya cinye kuɗin, akwai kuma mai sa ɗan ƙodago aiki, a gama masa tsaf, ya hana lada. Ku duba da kyau, dillaliyar da muka siffanta tana iya haɗa ukun nan a kan yarinya ɗaya. Ta ce wa uwar "tsakanina da Allah amana ce", ta karɓi kuɗi a kan miƙa ta, sannan ta cinye ladan aikin. Wanda kuwa Allah ne mai ƙara a kansa, wa zai tsaya masa?

Kada Hajiya ta ce ai ni na biya, ba ruwana. Alhaji, kai da ke kasuwar Mile 12, idan mai albasa daga Aliero yana bin ka kuɗi, sai ka damƙa wa ɗan kamashon tasha ba tare da mai kayan ya wakilta shi ba, bashin ya sauka daga wuyanka? Bai sauka ba. Haka nan ladan 'yar aiki. Idan iyayenta ne suka wakilta dillaliyar, kuma kin ji da kunnenki daga bakinsu, to wannan wata magana ce. Amma ko a hakan, ranar da kika gane kuɗin ba ya isa kika ci gaba da tura mata don kada ta ɗauke miki yarinya, kin shiga cikin taimakekeniya a kan zalunci. Yanzu waya ta wadata, kusan kowane ƙauye akwai mai POS ko malamin makaranta ko mai unguwa da za a samu a yi magana. Uzurin "ban san iyayenta ba" ya yi rauni. Ke da kanki, za ki yarda 'yarki ta kwana a gidan da ba su san sunanki ba?

Kuma a kula, har iyayen ma ba su mallaki kuɗin nan ba. Abin da yaro ya samu da guminsa dukiyarsa ce, waliyyi mai tsaro ne, yana sarrafa ta ne ta hanyar da za ta amfani yaron. Idan kuwa yarinyar marainiya ce, kuma da yawansu marayu ne, to magana ta ƙara nauyi, domin aya ta 10 a Suratun Nisa'i ta kwatanta cin dukiyar maraya bisa zalunci da cusa wuta a ciki.

Akwai darasi a ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, wanda ba mu cika tsayawa a kansa ba. Kafin ayari ya tsince shi a yi cinikinsa da kuɗin da bai taka kara ya karya ba, su wa suka raba shi da mahaifinsa? 'Yan uwansa ne, kuma da daɗin baki suka karɓe shi, da alkawarin za su kula da shi. Har yau haka abin yake tafiya. Ba baƙo ke zuwa ƙauye ya ɗauki yara ba. Gwaggo ce, ko 'yar ƙauyen da ta yi aure a birni, ko wani kawu da ake ganin ya yi arziki a Kudu.

Wani lokaci a majalisa sai ka ji wani ya ce ai Musulunci bai haramta bauta ba. Amsar a taƙaice ita ce asalin ɗan Adam 'yanci ne, kuma babu wani malami da ya halatta a mayar da ɗa bawa saboda talaucin iyayensa. Tun wajen 1615 Shehu Ahmad Baba na Tumbuktu ya rubuta fatawa ga masu tambaya daga Tuwat, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Barno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Yarinyar da ke wanke-wanke a gidanka ɗiya ce 'yar ɗiya, aiki kawai ka ɗauke ta.

Yadda shari'a ta tsara ɗaukar aiki

A fiƙihu ana kiran ɗaukar mutum aiki ijara, kuma ciniki ne kamar kowane ciniki, sai dai abin da ake saye amfanin aikin ne, ba mutumin ba. Waɗanda suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Ƙairawani a makarantar zaure za su tuna ya sharɗanta a yanka wa'adi kuma a ambaci kuɗi. Malamai suka ƙara bayani cewa aikin ma dole ya zama sananne, kuma ɓangarorin biyu su yarda ba da tilas ba. Ku duba Suratul Ƙasasi, inda dattijon Madyana ya ɗauki Annabi Musa, alaihis salam, aiki. An faɗi shekaru takwas ƙarara, aka ce idan ya cika goma ganin damarsa ne, dattijon ya yi alkawarin ba zai tsananta masa ba, shi kuma Annabi Musa ya maimaita sharaɗin da bakinsa, suka sa Allah shaida. Mutanen kirki ne su biyun, amma kirkin bai hana su yanka magana ba.

Mu kuma fa? "Zo mu tafi, ba za mu ɓata ba." "Ka dai yi haƙuri, za ka ga alheri." "In Allah ya hore zan sallame ka." Waɗannan ba lada ba ne, domin babu wanda zai iya cewa nawa ne. Irin wannan ƙulli a fiƙihu ɓatacce ne saboda jahiltar lada, kuma idan an riga an yi aikin, hukuncin shi ne a biya ma'aikacin ladan da ake biyan irinsa a wannan wuri. Wato rashin yanka kuɗi tun farko ba ya kuɓutar da uban gida, sai ma ya sa a je a tambayi kasuwa.

Nan ne maganar yaran shago ta shigo, kuma ina so a fahimce ni. Tsarin uban gida da yaronsa alheri ne babba a wurinmu. Manyan 'yan kasuwar da ke sahun gaba a masallacin nan, da yawansu yaran wasu ne a da, a kara ko a mayankar Oko-Oba ko wurin canji. Uban gida ya ciyar da su, ya koya musu kasuwa, ya yi musu aure, ya ba su jari. Allah ya saka wa waɗanda suka yi haka. Amma tsarin ya dogara ne kacokan a kan tsoron Allah na uban gida, kuma idan aka sami wanda ba shi da shi, yaro ba shi da madafa. Ya yi shekara bakwai, takwas, yana buɗe shago yana rufewa, yana kwana a kan buhuna. Da ya fara maganar sallama, sai kwatsam a ce kuɗi sun ɓata, a kira shi ɓarawo, a kore shi da jakar leda. Irin wannan ƙara ta sha zuwa gaban kwamiti, kuma kullum matsalar ɗaya ce: ba takarda, ba shaida, maganar wannan daban ta wancan daban. Maƙwabtanmu Ibo a kasuwar Alaba suna yanka shekarun tun ranar farko a gaban dangin yaro. Su ma ana samun masu saɓawa, amma aƙalla akwai abin da za a riƙe mutum da shi.

Sai kuma bashi, wanda shi ne igiyar da aka fi ɗaure manya da ita. Saurayi ya hau saman tirela daga gida, wani ya biya masa kuɗin mota, ya kai shi gona ko wurin fasa dutse a cikin dajin Ogun ko Ondo, ko wurin gini. A ce kuɗin motar bashi ne. Abincin da yake ci a rubuta, maganin zazzaɓi a rubuta, idan guduma ta karye a rubuta. Lada kuma sai ƙarshen shekara. Idan shekara ta zo a buɗe littafi, sai a ga shi ake bi. Ya ce zai tafi, a ce sai ya biya, kuma wayarsa da katin ɗan ƙasarsa suna hannun mai aikin. Haka wasu masu ba da babur ko Keke a kan biya kaɗan-kaɗan suke yi: yaro ya biya wata goma sha, ya yi jinyar sati biyu balas ya tsaya, a ƙwace abin hawa, duk abin da ya zuba ya bi ruwa.

Malamanmu na Malikiyya sun toshe wannan ƙofa tun da daɗewa. A cikin Risala an hana haɗa rance da ciniki a ƙulli ɗaya, kuma aka ce haka hukuncin yake idan rancen ya haɗu da ijara. Dalili a fili yake: wanda ka ba rance ba zai iya yi maka musu a kan lada ba, sai rancen ya zama ya jawo maka amfani, rancen da ya jawo amfani kuwa riba ce. Sannan aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a saurara wa wanda ake bi idan yana cikin ƙunci har ya samu. Bashi a kan dukiyar mutum yake, ba a kan ƙafarsa ba. Kana da damar ka bi kuɗinka ta hanyar shaidu da sulhu da kotu, amma ba ka da damar tsare shi ya yi maka aiki dole.

Saboda haka duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, a gida ko shago ko gona, ya yi wa kansa tambaya biyu. Idan wannan mutumin ya ce yau zai tafi, zai iya tafiya? Kuma ladansa yana isa hannunsa, ko hannun wanda ya wakilta da yardarsa? Idan amsar ɗaya daga ciki a'a ce, to abin ya tashi daga ɗaukar aiki ya koma wani abu, ko da kuwa ana ba shi nama kullum.

Abin da dokar ƙasa ta ce

Da yawanmu ba mu san cewa abin da muke ɗauka al'ada laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa ba. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana bautar da mutum da sa shi aikin tilas. A 2003 aka kafa hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane, aka sake sabunta dokarta a 2015. A cikin dokar ta 2015, duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya nemo shi, ko ya yi jigilarsa, ko ya ajiye shi, ko ya ba da hayarsa, zai iya shan ɗaurin wata 6 zuwa shekara 3. Ku lura da jerin nan, ya haɗa dillaliya da uwar ɗaki da wanda ya ba su masauki. Idan kuma aikin na cutarwa ne ga lafiyar yaro ko tarbiyyarsa, hukuncin ya fi haka tsanani, kuma yaro a wurin doka shi ne duk wanda bai cika 18 ba. Cewa "iyayenta ne suka ba ni" ba ya wanke mutum. Jihar Legas ma tana da nata dokar kare haƙƙin yara tun 2007.

Akwai kuma abin da ya shafe mu a matsayinmu na baƙi. Mun san yadda ake tare motocin da suka ɗauko matasanmu a hanyoyin Ondo da Oyo da Ogun tun da aka kafa Amotekun a 2020, kuma mun san sau da yawa bayin Allah 'yan ci-rani ne ake wahalarwa ba gaira ba dalili. Amma duk ranar da aka kama mota da ƙananan yara waɗanda ba su san inda za a kai su ba, an ba masu zarginmu hujja, kuma Sarkin Hausawa da shugabannin kasuwa su ne za su yi ta zirga-zirga ofishin 'yan sanda. Mutum ɗaya ya ci la'ada, jama'a duka ta biya.

"Ai taimako ne"

Wannan ita ce maganar da aka fi yi, kuma ba zan ce duk ƙarya ce ba. Gaskiya ne akwai yunwa a gida. Gaskiya ne wata yarinyar ta fi samun abinci da sutura a nan fiye da ɗakin uwarta. Kuma riƙo al'adarmu ce mai kyau, da yawa daga cikinmu a hannun gwaggo ko kawu muka tashi. Amma riƙo yana da alama. 'Yar riƙo tare take cin abinci da 'ya'yan gida, tare suke tafiya boko da Islamiyya, idan aka yi ɗinkin sallah da ita ake yi, idan aure ya zo mai riƙo ne ke yin kayan ɗaki. Yarinyar da ke tashi kafin asuba ta ɗora ruwa, ta shirya 'ya'yanki su tafi makaranta ita ta zauna wanki, ta yi tallan abinci da rana, ta kwanta ƙarfe sha biyu a kicin, wannan ba 'yar riƙo ba ce, ko da kuwa 'yar ƙanwarki ce. Idan taimako ake nufi, makarantar gwamnati tana nan, Islamiyyar masallacin nan ma tana nan da yamma. A sa ta.

Hadisin Abu Zarri, Allah ya ƙara masa yarda, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya nuna cewa waɗanda ke ƙarƙashinmu 'yan uwanmu ne, a ciyar da su irin abin da ake ci, a tufatar da su irin abin da ake sawa, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, idan kuma an ɗora a kama musu. A kan bayi aka yi wannan magana, a lokacin da akwai bayi. To ina ga ɗiyar mutane? Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, hidima shekara goma tun yana yaro, kuma ya ba da labarin cewa bai taɓa ko tsawata masa ba. Mu kuwa akwai gidan da wayar caja da muciya suka zama abin horo, har a ƙona yarinya da dutsen guga a kan naman miya.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba zan tsallake ba, ga iyaye maza da samarin gida. 'Yar aikin da ta balaga ajnabiyya ce. Ba muharramarka ba ce, ba baiwarka ba ce, keɓewa da ita haramun ne kamar keɓewa da kowace mace. Mun san abin da ke faruwa a wasu gidaje, kuma mun san yadda ake rufe shi: a sa ta a mota da daddare da ɗan kuɗi a hannu, ta je ƙauye ta haihu, a ce ta lalace a Legas. Wanda ya lalata ta kuwa yana nan a sahu. Uwar gidan da ta rufa wa ɗanta ko mijinta asiri ta wannan hanya ta sani cewa ita aka ba amanar.

Game da masu zuwa da maganar aiki a Saudiyya ko Iraƙi ko Oman ko Labanan, musamman ga zawarawa da 'yan mata, a yi hattara. Bizar Umara ba bizar aiki ba ce, wadda ta wuce wa'adinta ta zama 'yar tikari, kullum cikin ɓuya, kuma duk wanda ya cuce ta ba ta da inda za ta kai ƙara. Wadda ta tafi da bizar aikin gida kuma, a ƙarƙashin kafili take, sau da yawa shi ke riƙe fasfonta, ga bashin ejan yana jiran ta wata da watanni. Mai ɗaukar mutane aiki zuwa waje dole ya kasance da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. A nemi ganinsa, a nemi takardar yarjejeniya, a kawo a karanta kafin a sa hannu. Wanda ya ce a yi sauri kada a gaya wa kowa, to a gaya wa kowa.

Abin da kwamiti ya shirya

Kwamiti ya tsara takarda mai shafi ɗaya, da Hausar boko da ajami, don masu ɗaukar aiki da waɗanda ake ɗauka. Za a rubuta sunan ma'aikaci da shekarunsa da garinsu, sunan mahaifi ko waliyyi da lambar da za a same shi, irin aikin, nawa ne a wata, wa za a ba, da ranar da wa'adi zai cika. Idan yaron shago ne a rubuta shekarun da abin da za a sallame shi da shi, ko da a ce kaso kaza ne ko jarin kaya kaza. Shaidu biyu su sa hannu, kofi ɗaya ya zauna a ofishin masallaci. Ba a biyan ko sisi. Kwamiti ba zai sa hannu a takardar yaron da bai kai shekara 12 ba, wannan sai dai a zauna a yi maganar mayar da shi gida ko sa shi makaranta a matsayin ɗan riƙo na gaskiya.

Wanda ya san akwai tsohon haƙƙi a kansa, na yaron da ya bar shi ko yarinyar da ta koma, ya zo a taimaka masa a nemo su. Muna da mutane daga kusan kowace jiha a sahun nan, da wuya a rasa wanda ya san ƙauyen. Ba za a faɗi sunan kowa a lasifika ba. Wanda kuma ya ga yaro a maƙwabta da tabon duka, ko wanda aka kulle ba ya fita, ya sanar da Liman ko shugabar mata. Idan abin ya fi ƙarfin sulhu, NAPTIP tana da ofishi a Ikeja, kuma ana kiran ta a lamba 627.

Kwamitin sulhu yana zama kowace Lahadi bayan la'asar a ofishin masallaci. Iyayenmu mata kuma za su sami takardun a wurin malamar Islamiyya ranar Asabar da safe, ita za ta cike wa wadda ba ta rubutu.

Sakataren Masallaci